Bayan An Tashi Aiki a Tsakiyar Teku

Ƙannena maza da mata, yawancinku nesa da teku aka haife ku. Daga Kano zuwa gaɓar Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, daga Damagaram ko Agadas kuwa ta zarce haka. Amma ruwan da manomin Gaya ko na Madarumfa yake ɗaga kai yana jira a watan Yuni daga can yake tasowa. Iskar damina tana ɗebo danshi daga Mashigin Tekun Gini ta turo shi arewa, kuma masana sun gano cewa farin da ya addabi ƙasashenmu a shekarun 1970 da na 1980 yana da alaƙa da sauyin zafin tekuna. Tun 1997 Birazil da Faransa da Amurka suka kakkafa na'urori masu shawagi a Tekun Atlantika, a wani shiri mai suna PIRATA, suna auna iska da zafi da gishirin ruwa. Duk shekara sai jirgi ya je ya ciro su, a kankare, a sauya. A cikin irin wannan jirgi akwai mutane masu jin barci da yunwa da kewar gida, suna yin makonni ba su ga tudu ba. Zamansu nake so mu duba, musamman sa'o'in da suka tashi daga aiki, domin na yi imani a nan ake gane wanda zai kai labari da wanda zai karye.

Jirgin bincike ba ya barci. Kuɗin tafiyar da babban jirgi na kwana ɗaya kan kai dubun-dubatar daloli, mai bincike kuma kan jira shekaru kafin a ba shi gurbi, don haka ba a yarda awa guda ta tafi a banza. A jirgin JOIDES Resolution, wanda ya yi aikin haƙo ƙasan teku daga 1985 zuwa 2024, awa 12 masu bincike suke yi, wasu daga tsakar rana zuwa tsakar dare, wasu daga tsakar dare zuwa tsakar rana, wata biyu cur babu Juma'a babu Lahadi. Kicin na fitar da abinci sau huɗu, domin karin kumallon wani shi ne abincin daren wani. Ɗaki ɗaya mutum biyu, gado a kan gado, kuma akan haɗa ɗan dare da ɗan rana. Doka ce da kowa ya sani: idan za ka fita ka kwashi duk abin da kake buƙata, ba ka dawowa sai lokacinka ya yi, domin yanzu ɗakin na ɗan'uwanka ne mai barci.

Shi kuwa aikin, kada hotunan talabijin su ruɗe ku, mafi yawansa maimaici ne. Ga misalin awon ruwa. Jirgi na tafiya a hankali, abin da bai wuce kilomita 20 a awa ba, har ya isa wurin da aka tsara. Sai ya tsaya, a zura wani kejin ƙarfe mai ɗauke da kwalabe 24 cikin ruwa, yana sauka kimanin mita ɗaya a daƙiƙa. Idan zurfin ya kai mita 4,000, zuwa da dawowa zai ci awa uku ko fiye, mutum na zaune gaban kwamfuta yana magana da mai injin naɗe waya ta rediyo, yana rufe kwalabe ɗaya bayan ɗaya a zurfi daban-daban. Da kejin ya hau sai a kewaye shi, wani na riƙe da takarda yana kiran layi, domin ba a ɗiba yadda aka ga dama. Masu auna iskar da ke narke cikin ruwa su ne kan gaba, kafin iskar waje ta gurɓata musu, mai auna gishiri ya zo daga baya. Ruwan ƙasan teku bai fi digiri biyu ko uku ba ko da a inda rana ke dukan ƙeya, yatsu har sai sun ƙage. A gama, a wanke, jirgi ya ƙara gaba kilomita 50 da 'yan kai, a sake daga farko. Wata tafiyar sai an yi haka sau 100.

Abin da ke riƙe da wannan aiki duka amana ce a ƙananan abubuwa. Lambar da aka rubuta jikin kwalba da ƙarfe uku na dare, babu mai dubawa, idan aka sa 17 a gurbin 11 to ruwan ya tashi a banza, ko ma ya shiga lissafi ya ɓatar da wani masani nan gaba. A 1986 JOIDES Resolution ya haƙo laka daura da gaɓar Muritaniya. Kowane bututun laka mai tsawon mita 9.5 aka yanka shi gunduwa-gunduwa, aka tsaga biyu, aka sa lamba, aka adana. Bayan shekara 14 wasu masana suka auna ƙurar Sahara da ke cikin lakar, irin wadda ke rufe mana sama da hunturu, suka nuna cewa har zuwa kimanin shekara 5,500 da suka wuce ƙurar kaɗan ce, domin a lokacin Sahara na da ciyayi da tafkuna. Wanda ya sa lambar a 1986 bai san abin da za a karanto daga lakar ba. Ya dai rubuta daidai.

Wanda bai ƙoshi da barci ba kuwa ba ya rubuta daidai, kuma ta nan hutu ya shiga cikin aiki. Matashin da ya tashi daga aiki da tsakar dare ya zauna kallon fim har asuba, gobe shi ne zai tsaya kusa da waya mai ɗauke da nauyin tan da yawa, jirgi na tangaɗi, daɓen ƙarfe ya jiƙe, asibiti mafi kusa kuma wataƙila tafiyar kwana biyar ce. Tun ranar farko ake koya wa kowa jiniyar haɗari, gajeren busa bakwai da dogo ɗaya, da inda zai tsaya idan ya ji ta. Akwai hular kwano, akwai takalmi mai ƙarfe a baki, amma babu kayan da ke kare mutum daga gyangyaɗin abokin aikinsa. A irin wannan wuri barcinka haƙƙin mutane ne a kanka. A ganina haka yake ga direban tirela da ma'aikaciyar jinya, sai dai jirgi ya fi saurin tona asiri.

Kwanakin farko na jirin teku ne. Cikin kunne yana jin ana lilo, ido yana ganin bango a tsaye, sai zuciya ta tashi a yi ta amai. Yawancin mutane sukan ware bayan kwana biyu ko uku, kuma ba abin kunya ba ne. Charles Darwin yana ɗan shekara 22 ya hau Beagle, jirgi mai tsawon mita 27 kacal, a tafiyar da ta ɗauki daga 1831 zuwa 1836, kuma duk sa'ad da suke kan ruwa jirin bai sake shi ba. Da ya ji dama-dama sai ya jawo littafi. A ɗan ɗakin da yake kwana aka ajiye littattafan jirgin, wajen 400, kuma a tafiyar ya karance aikin Charles Lyell kan tarihin duwatsu da ƙasa, wanda ya sauya yadda yake kallon duk tsibirin da suka sauka.

Bayan jiri sai babbar abokiyar gaba ta iso, wato gundura. Jirgin Challenger na Ingila, wanda ake ɗauka shi ya buɗe ilimin teku na zamani, ya bar Portsmouth a Disamban 1872 bai dawo ba sai Mayun 1876. Ya tsaya awo a wurare 362, ya gano halittu sama da 4,000 da ba a san su ba, rahotonsa ya cika mujalladi 50. Zura raga zuwa ƙasan teku da jawo ta kan cinye yini guda, wani lokaci ta fito da laka zalla. Henry Moseley, ɗaya daga cikin masanan jirgin, ya ba da labarin yadda da farko kowa ke rububin ganin abin da ragar ta kamo, a hankali taron ya yi ta raguwa har ya zama kusan masanan kaɗai ke tsayawa. Su suna da tambayoyin da ke cin ransu. Matuƙi kuwa nasa jan igiya ne daga safe har dare, don lakar da bai ga amfaninta ba. Cikin mutum wajen 240 da suka tashi, kimanin 60 sun gudu a tashoshin da aka yada zango. Aikin da mutum bai san dalilinsa ba ya fi kowane aiki nauyi. Idan aka sa ku aiki ku tambayi abin da ake nema da shi, idan kuma ku ne a gaba ku gaya wa na ƙasa.

Jirage biyu da ƙanƙara ta riƙe a ƙarshen ƙarni na 19 su ne suka fi fito da abin da nake son faɗa. Belgica na ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin Adrien de Gerlache, ya maƙale a ƙanƙarar Antaktika a Maris 1898, bai kuɓuta ba sai Maris 1899. Ba a shirya wa mutanen irin wannan zama ba. Tufafin sanyi ba su wadata ba, abinci na gwangwani ne, kuma daga tsakiyar Mayu rana ta faɗi ba ta sake fitowa ba sai bayan wata biyu da ɗoriya. Hira ta mutu, kowa ya shige gadonsa. Ciwon rashin bitamin C, mai kumbura dasashi da kashe jiki, ya kama su har da shugaban tafiyar da kyaftin. Emile Danco ya rasu a watan Yuni, matuƙa biyu suka sami taɓin hankali. Wanda ya tsaya tsayin daka shi ne likitan jirgin, Ba'amurke Frederick Cook, da taimakon wani matashi ɗan Norwe, Roald Amundsen, wanda a 1911 ya zama na farko da ya taka ƙuryar kudancin duniya. Cook ya matsa musu su ci sabon naman tsuntsun fengwin, ya sa marasa lafiya su riƙa zama gaban hasken murhu, ya kuma sa a riƙa fita ana zagaya jirgin da ƙafa. Da haka aka ceto sauran, amma bayan an sha wuyar da ba ta zama dole ba.

Shekara biyar kafin nan, a Satumban 1893, Fridtjof Nansen ɗan Norwe ya shigar da jirginsa Fram cikin ƙanƙara arewa da Saiberiya da gangan, don ta tafi da shi a ga inda take nufa. Jirgin bai fito ba sai Agustan 1896, kusan ninki uku na zaman Belgica. Mutum 13 ne, kuma duka 13 sun koma gida da ransu. Nansen ya yi wa sa'o'in zaman banza tanadi kamar yadda ya yi wa ciki tanadi. Ya loda littattafai wajen 600 da kayan kiɗa, ya kafa injin iska a saman jirgi don samun lantarki. Aka buɗe maƙera da wurin kafinta, ana ɗinkin takalma, ana gyaran na'urori. Ana auna yanayi duk bayan awa huɗu, dare da rana. Likita Henrik Blessing yana auna nauyin kowa da jininsa duk wata, yana kuma fitar da 'yar jaridar jirgi rubutun hannu. Ranar haihuwar mutum ba ta wucewa ba a yi ɗan biki ba, ranar 17 ga Mayu kuwa, ranar ƙasarsu, har jerin gwano suke yi a kan ƙanƙara da tutoci. Shugaba da mai zuba wa inji gawayi tebur ɗaya, abinci ɗaya. An yi saɓani, an gaji da fuskokin juna, amma zaman bai rushe ba.

Daga wannan zama na haƙuri aka sami ilimi. Sun zura igiya suka tarar zurfin tekun ƙuryar arewa ya haura mita 3,000, alhali ana zaton marar zurfi ne. Nansen ya lura, daga awon yau da gobe, cewa ƙanƙarar ba ta bin iska sak, tana karkata dama da ita. Wannan lura ce wani matashi ɗan Suwidin, Vagn Walfrid Ekman, ya yi wa lissafi ya buga a 1905, kuma har yau da lissafinsa ake bayyana dalilin da ruwan sanyi mai albarkar kifi ke tasowa daga ƙasa a gaɓar Senegal da Muritaniya. Mutanen Belgica ba ragwaye ba ne, jaruntarsu ba ta gaza ta mutanen Fram ba. Abin da ya raba su shi ne ɗaya an tsara masa yini tun kafin duhu ya zo, ɗayan kuma duhu ya same shi babu tsari.

Jamusawa sun riƙe wannan darasi. A Satumban 2019 jirginsu Polarstern, mai tsawon mita 118, ya bi sawun Fram, ya bar ƙanƙara ta riƙe shi, bai koma tashar Bremerhaven ba sai Oktoban 2020, kwana 389. Masu bincike daga ƙasashe 20 suka riƙa karɓar juna rukuni-rukuni. An yi wajen wata biyar babu rana, sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, sannan annobar korona ta sa wani rukuni ya ƙara kusan wata biyu a kan abin da aka yi masa alkawari. A wurin da safiya da dare suke kama ɗaya, da abinci ake gane ranaku: kifi ran Juma'a, miya mai kauri ran Asabar, askirim ran Alhamis da Lahadi, kofi da kek kullum da ƙarfe uku da rabi. Al'adar jirgin ce ran Lahadi a taru a ɗakin makanikai a hau sikeli, kowa ya faɗi ko zai ƙaru ko zai ragu mako mai zuwa, wanda ya kuskure ya ba da ɗan kuɗi a tara don aikin jinƙai. Wani zai ce wasan yara ne manyan furofesoshi ke yi. Ni ban ga haka ba. Mutum yana buƙatar abin da zai sa rai da shi jibi, komai ƙanƙantarsa, kuma wanda ya ƙirƙiro wa jama'a irin wannan abu ya yi musu hidimar da ba ta gaza ta likita ba.

Sauran jiragen ma kowane da al'adarsa. Akwai ɗan ɗakin motsa jiki, akwai karta da ƙwallon tebur. Da yamma akan yi lacca, yau masanin kifi ya bayyana aikinsa, gobe injiniya ya zagaya da mutane ɗakin inji ya nuna musu yadda ake tace ruwan gishiri ya zama na sha. Akwai wata al'ada da nake so ƙwarai. A ɗauki farin kofin soso na shan shayi, a yi masa zane, a rubuta sunan 'ya ko na uwa, a zuba cikin raga a ɗaure jikin kejin kwalabe. A zurfin mita 4,000 nauyin ruwa ya ninka na iskar da ke kanmu sau 400, sai ya matse iskar da ke cikin soson, kofin ya dawo bai fi tsawon babban yatsa ba, zanen yana nan daram. Tsaraba ce, kuma darasi ne da ɗan firamare zai riƙe a hannu ya fahimta. Sannan ga tekun kansa: kifaye masu fiffike na tashi gaban jirgi, da dare ruwan da aka keta yana walƙiya da hasken ƙananan halittu, taurari kuma babu fitilar gari da za ta dushe su. Mai imani ba ya rasa abin tasbihi a nan.

Amma fa duk wannan sai ga wanda ya fito daga ɗaki. A da saƙon gida ɗan gajeren imel ne, dole mutum ya nemi hira wurin na kusa da shi. Yanzu taurarin ɗan'adam irin na Starlink sun kai intanet mai ƙarfi jirage da yawa. Babban alheri ne uba ya ga fuskar jaririnsa daga tsakiyar Atlantika. Abin da nake tsoro shi ne mutum ya yi kwana 40 a wurin da kakanninsa ba su taɓa gani ba, tare da masana daga ƙasashe daban-daban, ya sauko bai san komai ba sai rigimar da ake yi a Facebook da TikTok. Kuma ba sai kun hau jirgi wannan zai same ku ba. Yajin aikin jami'a, zaman jiran sakamako, shekarar bautar ƙasa a ƙauyen da ba ka san kowa ba, watannin neman aiki, kowannenku zai sami nasa sa'o'in da babu mai tambayarsa me ya yi da su. Ƙuncin da ke sauko wa matashi a irin waɗannan watanni gaskiya ne, ba lalaci ba ne, kuma yakan fi kama wanda ya bar dare da rana suka cakuɗe masa.

Sai zama da mutane, wanda ya fi komai wuya. An ce zo mu zauna zo mu saɓa, to a tudu idan an saɓa akwai inda za ka je ka huce. A jirgi wanda ka yi wa tsawa da safe shi za ka tarar a teburin rana, shi ne kuma zai riƙe maka igiya da dare, don haka ba a barin saɓani ya kwana. Ƙananan abubuwa ne ke kashe zama: buga ƙofa a layin da 'yan dare ke barci, shanye ruwan zafi ba a ɗora wani ba, daɗewa a banɗaki alhali kowane ɗigo inji ne ya tace shi, kwashe lemun ƙarshe a mako na uku lokacin da ɗanyen kaya ya ƙare kowa na marmari. Gulma kuwa a wuri irin wannan ba ta yini ba ta koma kunnen mai ita ba.

Tsarin jirgi ya yi kama da na ayarin fataken goro da kakanninmu suka riƙa kaiwa Gwanja, inda mai dukiya komai yawan kayansa ba ya tsallake maganar madugu a kan hanya. Shugaban masu bincike shi ke faɗin inda ake son zuwa, amma idan kyaftin ya ce iska ta yi ƙarfi ba za a zura komai a ruwa ba, magana ta ƙare. Ina jan kunnen masu digiri a nan. Mai bincike baƙo ne na makonni. Matuƙa da masu inji da kuku jirgin gidansu ne, wasunsu rabin ƙuruciyar 'ya'yansu ta wuce ba sa nan. Tsohon matuƙin da bai taɓa shiga jami'a ba yana iya kallon yadda waya ke karkata ya san na'urar miliyoyi na gab da shigewa ƙarƙashin jirgi. Ku koyi sunayensu, ku gaishe su, ku mayar da farantinku da kanku, ku roƙe su su koya muku ɗaurin igiya. Girman kai a jirgi yana jawo asarar kayan aiki, wani lokaci har da rai.

Ɗan'uwa Musulmi zai ce, ibada fa? Magabata sun riga sun share hanyar, domin Musulmi sun daɗe suna keta Tekun Indiya da Bahar Maliya. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai hadisin da ya halatta alwala da ruwan teku. Malamai sun yi bayanin sallar jirgi, a tsaye idan an iya, a zaune idan lilo ya hana, a fuskanci alƙibla a juya idan jirgi ya juya. Ɗakin tuƙi na da kamfas da lissafin fitowar rana da faɗuwarta, jami'in da ke wurin zai gaya maka idan ka tambaya da ladabi. Wanda zai je inda rana ke wata da watanni ba ta fito ba, ya zauna da malaminsa tun yana gida ya san yadda zai ƙaddara lokutan salla da azumi. Akan tambayi abin da mutum ba ya ci tun kafin a tashi, ka faɗi gaskiya, ka je ka gaida kuku ranar farko. Yawancin jiragen binciken Amurka ba a shan giya a cikinsu, wasu na Turai kuwa suna da wurin sha. Abin da bai dace da addininka ba ka ce a'a da sakin fuska, sannan ka nemi wata hanyar shiga jama'a, ko da dafa musu shayi mai citta da kanumfari ne. Salloli biyar da kansu tsari ne na yini, irin wanda Cook ya yi ta fafutukar kafa wa mutanen Belgica bayan ciwo ya riga ya kama su.

Ƙannena mata, har da ku nake. Marie Tharp ta yi shekaru a Jami'ar Columbia ta Amurka tana zana taswirar ƙasan teku daga awon da maza suka kawo, domin a lokacin ba a barin mata su hau jiragen. A 1952 ta gano dogon kwarin da ya tsaga tsakiyar tsaunukan ƙasan Atlantika, shaidar da ta taimaka wajen tabbatar da cewa nahiyoyi suna motsi. Sai a 1968 ta sami hawa jirgin bincike. A yau mata suna shugabantar irin waɗannan tafiye-tafiye. Kafin ki sa hannu, ki tambayi dokar jirgin kan cin zarafi da wanda ake kai wa ƙara. Ku kuma maza, mace a jirgi ba ta da inda za ta kauce wa mai takura mata, mutuncinta amana ce a wuyan duk wanda ke wurin.

Kada kuma ku ce abin na Turawa ne. Kyaftin ɗin da ya tuƙa S.A. Agulhas II cikin ƙanƙarar Tekun Weddell a Maris 2022, lokacin da aka gano Endurance, jirgin Ernest Shackleton da ya nutse a 1915, a zurfin mita 3,008, baƙar fata ne ɗan Afirka ta Kudu, Knowledge Bengu. Jirgin Dr. Fridtjof Nansen na Norwe, a shirin da ake yi da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1975, yana ƙidayar kifi a gaɓar Afirka tare da masana 'yan ƙasashen da yake ratsa ruwansu. Najeriya na da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850, da cibiyar binciken teku a Legas da aka kafa a 1975, da makarantar horar da matuƙa a Oron. Aiki kuwa yana nan jingim, domin abin da aka zana taswirarsa dalla-dalla na ƙasan tekunan duniya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da kaɗan ba.

Wanda ransa ya biya, ya riƙe lissafi da kimiyya, ya gyara Ingilishinsa ko Faransancinsa, ya koyi iyo a wurin da akwai mai lura. Amma tun kafin takardar gayyata ta zo, tun ma ba a san ko za ta zo ba, ku fara da hutun da ke gabanku. Ku yanke lokacin kwanciya da na tashi ku tsaya a kai. Ku zaɓi littafi ɗaya ku gama shi. Ku je wurin makaniki ko tela ko kafintan unguwa ku ce a koya muku. Wanda kuma kuke gaba da shi a ɗakin kwanan makaranta ko a cikin gida, ku same shi yau ku shirya. Allah Ya yi muku jagora.